Tambaya da Amsa: Wai a tsohon sito ƙanena yake zaune a Landan?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye kusa da Ringim nake rubuto maka. Ƙanena da ke aiki a Landan ya ce ya kama gida mai tsada a wani tsohon sito bakin kogi, Inna tun da ta ji take kuka wai ɗanta a ɗakin ajiyar kaya yake kwana. Don Allah gaskiya ne ana biyan kuɗi da yawa a irin wannan wuri?

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar uwa, ki kwantar wa Inna da hankali, gaskiya ya faɗa. A bakin kogin Thames akwai manyan sito-sito na bulo irin su Butler's Wharf da aka gama a 1873, inda a da ake jibge ganyen shayi da kayan ƙamshi, da kwantena ta zo manyan jirage suka daina shigowa ciki, aka rufe shi a 1972. A shekarun 1980 aka gyara shi aka yanka shi gida-gida, aka sa lifta da ruwa da wuta amma aka bar bangon bulon da ginshiƙan ƙarfen yadda suke, ga tagogi manya kana buɗewa sai ruwa a gabanka. Masu hali ne ke rububinsu yanzu.

Abin da ya fi damuna shi ne aljihunsa. Haya a irin wuraren nan tana cin albashi sosai, in kuma saya ya yi akwai kuɗin kula da gini duk shekara. Ki tambaye shi nawa ke rage masa a wata, sannan ya kira Inna ta bidiyo ya zagaya da ita ɗaki-ɗaki.