Hujin kunne a shago: kyauta za a yi ko da kuɗi?

Wata 'yar'uwa mai sayar da 'yan kunne da awarwaro a Kasuwar Wunti, Bauchi, ta aiko da tambaya. Ta ce iyaye mata kan zo bayan suna su sayi 'yan kunnen jarirai, sai su tambaye ta ko tana huji. Ta kusa kwasar adashe, tana son ta sayi bindigar huji, ta riƙa yi kyauta ga duk wadda ta yi ciniki a wurinta. Shin hakan zai fitar da ita?

Hajiya, Allah ya sanya albarka a nema. Kasuwar tana nan, tunda masu buƙata ne da kansu suke tambaya. Amma kyautar nan ban goyi bayanta ba.

Duk aikin da ba ya kawo kuɗi, wata rana sai mai shi ya nemi inda zai rage kashewa, kuma a huji allura ake fara yi wa rowa. Nan haɗarin yake. Ciwon hanta nau'in B ta jini yake bi, ƙwayarsa tana iya kwana 7 a kan ƙarfe ba ta mutu ba. Bindigar da kike hange kuwa jikinta roba ne, ba ta dafuwa, shafa mata sifirit bai isa ba. Ki nemi allura ko abin huji na amfani sau ɗaya, ki yage ledarsa a gaban uwar yarinya ta gani da idonta. Sai safar hannu, auduga, da akwatin zubar da allura. Kafin ki taɓa kunnen 'yar kowa, ki sami ma'aikaciyar jinya ta koya miki, ki kuma leƙa sashen lafiya na ƙaramar hukuma ki ji sharaɗinsu.

Farashi ki yi shi dunƙule: kuɗin kayan da yarinya ɗaya za ta ci, ɗan kunnen farko, ladan hannunki, da dubawa bayan sati guda. Ɗan kunnen farkon kada ya zama na arha mai ruwan gwal. Yawancinsu akwai wani ƙarfe mai suna nikel a ciki, shi ke sa ƙaiƙayi da tsatstsafar ruwa, kuma laifin a kanki za a ɗora. Zinare na gaske ko titaniyam ya fi.

Inda nake so ki fi ba da ƙarfi shi ne jinyar bayan huji, domin a nan suna yake gyaruwa ko ya ɓaci. Fatar kunne takan ɗauki sati 6 zuwa 8 kafin ta warke. Ki gaya wa uwa ta wanke hannu, ta goge wurin da ruwan gishiri mai tsabta safe da yamma, kada ta cire ɗan kunnen, kada kaka ta cusa tsinken tsintsiya. In aka ga kumburi, mugunya ko zazzaɓi, asibiti za a nufa, ba shagonki ba. Ki tambaya ko a danginsu akwai masu tabo mai tasowa. In akwai, ki ba su haƙuri. Guringuntsin sama ma ki bar shi tukuna, warkewarsa kan kai watanni, wani har shekara. Jaririyar sati ɗaya kuwa, likitoci da yawa sun fi son a jira ta yi wata biyu ko uku, ta fara karɓar rigakafi. Na san wasu za su yi fushi su tafi wani wuri. Ki bar su.

Ribarki tana ranar da za a dawo canza ɗan kunne, sannan ƙaramar Sallah da babba. Saboda haka ki buɗe littafi: sunan uwa, lambar waya, ranar huji. Kwana uku ki kira ki ji lafiyar kunnen.

Kuɗin adashen kada ki juye shi duka. Ki sayi kayan huji na yara 20 kawai, sauran ki ƙara 'yan kunnen yara masu kyau. In 20 ɗin suka ƙare, ki duba littafin ki ƙirga iyaye nawa suka dawo suka sake saye, sannan ki ƙaro kaya.