Aikin kuɗi a kamfani cin riba ne?

Ƙanena, ka ce ka karanci lissafin kuɗi a Jami'ar André Salifou nan Damagaram, amma a gida ana cewa aikin kuɗi a kamfani cin riba ne, kuma sai ɗan wane. Ni ma da haka na ɗauka. Sashen kuɗi na kamfani ba banki ba ne: albashi, kuɗin kaya, haraji da kasafin shekara muke bi, bisa tsarin SYSCOHADA, wato ƙa'idojin lissafin kuɗi da kamfanoni ke bi a Nijar da wasu ƙasashen Afirka. Bashi mai ruwa kan shigo wani lokaci, gaskiya. Wannan ka kai wa malaminka na addini. Batun ɗan wane kuwa, hanya akwai ta, ba na musu. Amma wanda ya iya Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, yana rufe lissafin wata ba kuskure, da wuya a sake shi.