Ɗakin Baba da Takardunsa

Malam, ka tambaye ni yadda muke yi da kayan tsofaffinmu a nan zangonnin Ghana, ka ƙara da cewa wai ka ji mun saki ɗabi'ar gida, tsoho na nan da ransa ake kwashe masa ɗaki a zubar a bola. Maganar ta tsaya mini a rai, domin shekara uku ke nan ina fama da ɗakin mahaifina, kuma ko tsinke ban fitar ba sai da yardarsa.

Baba ya haura tamanin. Ɗakinsa ba ya shiguwa sai a karkace. Akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gado, rediyoyin da suka mutu tun ina yaro, kwalabe, keken ɗinki mara kai, da buhunan tufafin marigayiya mahaifiyarmu da ya hana a raba. Ba zan ɓoye maka ba, abin yana damun mu. Ƙura na tayar masa da tari, ɓeraye sun samu mafaka, kuma wani dare ya yi tuntuɓe da akwati ya faɗi, sai da muka kwana a asibiti.

Amma takardu sun fi komai yawa, kuma su ne da wuya ka fahimta daga can. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia, firayim ministan Ghana na lokacin, ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Baba yana saurayi a lokacin. A nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, kakansa ne ya shigo da fataucin goro ta hanyar garin Salaga na arewacin Ghana. Duk da haka da idonsa ya ga maƙwabta na sayar da gidajensu a wulaƙance, suna hawa manyan motoci da 'ya'yansu, saboda ba su da takardar da za su nuna. Ƙanensa na cikinsu. A 1983 kuma da Najeriya ta kori nata baƙin, sai ga ƙanen ya dawo, a can ma an ce masa ɗan Ghana ne. Tun daga nan Baba bai ƙara yar da takarda ba: rasit ɗin haraji, katin asibiti, takardar wuta ta shekara talatin, duk an ɗaure da zare.

Ranar da na ɗauki wani ƙunshi zan fita da shi, ya kama mini wuyan hannu, hannunsa na rawa, ya ce, "In aka zo aka ce ku su waye, da me za ka nuna?" Na mayar da shi inda na ɗauko. Ban sake yi masa haka ba.

Ka kuma yi shaguɓe kan auren 'yan ƙasa, cewa dangin matanmu ne za su cinye kayan in tsoho ya rufe ido, tunda ƙabilar Asante ta wajen uwa suke gado. Matata Ba'asantiya ce, ta musulunta tun kafin mu haɗu, kuma a gidanmu da malami ake rabon gado, kamar yadda kuke yi. Ita kaɗai Baba ya yarda ta share masa ɗaki. Ita ce ma ta gano dabarar da mu 'ya'yansa muka kasa ganowa. Ba ta taɓa ce masa "a zubar" ba. Takan zauna a bakin ƙofa da akwati ɗaya, ta ɗago abu ta ce, "Baba, wannan na waye?" Sai ya shiga labari, wani lokaci har la'asar. In labarin ya ƙare, yakan ce da kansa a ba wane. Rediyoyin, da hannunsa ya miƙa wa wani yaro mai gyara. Takardun kuwa mun ɗauki hotonsu a waya ɗaya bayan ɗaya, ya sa tabarau ya duba, ya yarda an ƙona na wuta, na fili da na haihuwa suna nan ƙarƙashin matashinsa.

In mun zo wajenku kuna yi mana dariya, wai muna ce wa mace "ya zo". Gaskiya ne, haka bakinmu ya koma, kuma dariyar tana yi mana ciwo fiye da yadda kuke zato. A ƙasan akwati na uku muka tarar da gafaka, da Alƙur'anin kakan Baba rubutun hannu, da wasiƙu na ajami da suka yi ja don tsufa. Ɗana mai shekara goma sha biyu ya karanta layin farko, yana tsayawa yana ci gaba, Baba na gyara masa, hawaye na bin gemunsa.

Yanzu hanya ta buɗe daga gado zuwa ƙofa, tarin ma ya yi sauƙi. Saura buhunan Inna. Makon jiya matata ta taɓa ɗaya, ya girgiza kai ya ce tukuna, har yanzu akwai ƙamshin turarenta a ciki. Mun ɗaga su daga ƙasa mun ɗora a kan benci saboda danshi.