Shin Wayar Hannu Za Ta Iya Tashe Mu Kafin Ruwa Ya Iso? Tambayoyinku da Amsoshi

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru: anya wayar da ke aljihunmu tana da wani amfani ranar da bala'i ya taso? Na zaɓi guda huɗu.

Tambaya daga wani magidanci a Maiduguri: Malam, daren da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumbar 2024, kowa a gidanmu yana da waya, amma ihun maƙwabta ne ya tashe mu. An ce a ƙasashen waje waya kan yi ƙara da kanta idan masifa na tafe. Gaskiya ne?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar muku da alheri, ya jiƙan waɗanda aka rasa. Abin da ka ji gaskiya ne. Dabarar ta sha bamban da saƙon tes da muka saba. Shi tes, sai an san lambarka, kuma ɗaya bayan ɗaya ake turawa, don haka idan mutum miliyan ake son sanarwa, layi yake bi, wani ba zai samu ba sai bayan sa'o'i. Shi kuwa saƙon gargaɗin gaggawa, turken sadarwa ne da kansa yake yin shela, kamar sanƙira a tsakiyar kasuwa: duk wayar da ke ƙarƙashin wannan turke za ta ji a lokaci guda, ko ta ɗan gari ce ko ta baƙo. Ba ya cin kati, ba ya buƙatar data, kuma yana zuwa da wata ƙara mai ƙarfi ta musamman. Amurka ta fara aiki da shi tun 2012.

A yawancin wayoyin Android, ka shiga Settings, ka nemi "Safety & emergency", sannan "Wireless emergency alerts", ka tabbatar a kunne yake. Sai dai kada in yaudare ka. Kunnawar ba ta nufin komai sai in akwai hukumar da ta yi yarjejeniya da kamfanonin sadarwa, kuma akwai jami'in da ke zaune dare da rana da ikon danna maɓallin aikawa. Waya kunne ce kawai, wani ne zai yi magana.

Kuma a nan ne ake faɗuwa, har a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki. A Jamus, ambaliyar watan Yulin 2021 ta kashe mutum sama da 180, alhali masana yanayi sun hango ruwan kwanaki kafin ya sauka. A lokacin ƙasar ba ta da wannan tsari na shela ta waya, sai a watan Fabrairun 2023 aka fara shi. Na Sifen ya fi ciwo, domin su suna da tsarin. Ranar 29 ga Oktoban 2024, hukumar yanayin ƙasar ta fitar da gargaɗi mafi tsanani a kan yankin Valencia tun da safe, amma saƙon bai shiga wayoyin jama'a ba sai bayan ƙarfe 8 na dare, lokacin da ruwa ya riga ya ci motoci da gidaje. Mutum fiye da 220 suka rasu. Na'ura ta yi aikinta, jinkirin daga ɗan Adam ne.

Yanzu ka dubi Bangladesh. Guguwar 1970 ta hallaka aƙalla mutum 300,000. Bayan haka aka kafa rundunar 'yan sa-kai da ke zagaye ƙauyuka da lasifikar hannu, aka gina mafaka masu tsawo da kowa ya san hanyarsu. Da guguwar Amphan ta zo a 2020, an kwashe mutum sama da miliyan 2, waɗanda suka rasu a ƙasar kuwa ba su kai ɗari ba. Tauraron ɗan Adam ne ya hango guguwar, amma mai lasifika ne ya fitar da tsohuwa daga ɗakinta.

Mu a Najeriya ba hasashe muka rasa ba. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar lura da ruwan koguna, NIHSA, kuma tana lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Amma a ce maka "ƙaramar hukumarku na cikin haɗari a bana" daban, a ce maka "ku bar bakin kogi kafin ƙarfe 2 na daren nan, ku nufi makarantar firamare ta kan tudu" daban. Na biyun ne ke ceton rai, kuma shi ne aka rasa a Mokwa ta jihar Neja a ƙarshen watan Mayun 2025, inda ruwa ya zo da asuba ya tafi da mutum sama da 150. Shawarata ita ce unguwarku ta yi nata shirin: mutum biyu ko uku masu bin sanarwar hukuma, lambar mai unguwa, izinin liman na amfani da lasifikar masallaci, da wurin taruwa da aka amince a kai tun rani. Wanda ke da data ya riƙa duba shafin Flood Hub na Google, wanda ke nuna hasashen cikar manyan koguna kwanaki kafin lokaci. A lura dai, ya fi ƙwarewa a kan kogin da ke cika sannu a hankali. Ɓallewar madatsa ko ruwan da ya sauko farat ɗaya na iya kuɓuce masa.

Tambaya daga wata ɗaliba a Abuja: Na ga "Earthquake alerts" a wayata. Ta yaya waya za ta san girgizar ƙasa na zuwa?

Amsa: 'Yar'uwa, ba hasashe take yi ba, kuma har yau babu na'urar da ke iya faɗin ranar girgizar ƙasa. Akwai wani ɗan ƙaramin ma'aunin motsi a cikin wayarki, shi ne ke juya hoto idan kin kwantar da ita. Idan dubban wayoyi a yanki guda suka ji motsi iri ɗaya a lokaci ɗaya, sai kwamfutocin Google su gane girgiza ce. Ita girgiza kashi biyu take tafiya: mai rauni ce ke gaba, mai rushe gini na biye. Saƙon intanet kuwa ya fi su duka sauri, sai ya riga mai ƙarfin isa garuruwan da ke ɗan nesa. Abin da mutum ke samu daƙiƙoƙi ne, amma sun isa ka nisanci taga ko ka shige ƙarƙashin tebur.

An fara tsarin a 2020, kuma ya taɓa gazawa mummunar gazawa. A girgizar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023, mai ƙarfin maki 7.8, wadda ta kashe mutum sama da 50,000, lissafinsa ya ɗauke ta a matsayin ƙasa da maki 5, don haka mutane ƙalilan ne suka samu gargaɗin da ke tashin mai barci. Kamfanin ya amsa hakan daga baya, ya ce ya gyara lissafin. Ki bar shi a kunne, tunda an taɓa jin motsin ƙasa a Mpape da ke Abuja a 2018, amma ki sani yana buƙatar data da kuma kunna Location.

Tambaya daga wata uwa a Zariya: Kullum ana turo mana gargaɗi a WhatsApp, yau ruwa, gobe 'yan bindiga. Ta yaya zan gane na gaskiya?

Amsa: Hajiya, wannan matsalar tana damuna ƙwarai, domin duk gargaɗin ƙarya yana rage darajar na gaskiya, har a kai ranar da za a faɗi gaskiya a ƙi motsawa. Mu tuna daren wankan gishiri a watan Agustan 2014, lokacin Ebola: saƙon waya kawai, mutane suka sha ruwan gishiri, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasu. Gargaɗi na gaskiya yana faɗin wanda ya fitar da shi, da kwanan wata, da wurin da ya shafa, da abin da za a yi. Idan kika ga kibiya biyu da rubutun "Forwarded many times" a kan saƙo, ko murya ce babu suna tana cewa "ku yaɗa don Allah", ki dakata. Ki duba shafin hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ko na ta jiharku, ko ki buɗe rediyo, ko ki kira wani da ke zaune a garin da aka ambata. Hoton ambaliyar bara ma sau da yawa shi ake sake yawo da shi a bana.

Tambaya daga wani direba a Gusau: In babu sabis, ko caji ya kusa ƙarewa, me ya rage wa mutum?

Amsa: Malam, ku mutanen Zamfara kun ɗanɗana wannan a watan Satumbar 2021 da aka katse layukan sadarwa. Idan turke ya mutu, duk hanyoyin waya da na lissafa a sama sun mutu tare da shi. Abin da ke saura shi ne rediyo. Wayoyin Tecno da itel da yawa suna da FM a ciki, wanda ba ruwansa da sabis ko data. A wasu sai ka soka iyafis mai igiya, domin igiyar ce ke zama eriya. Ka gwada taka yau, kada ka bari sai ranar.

In da ɗan sabis, 112 ce lambar gaggawa ta ƙasa, kyauta ce ko babu kati a layinka, hatsarin mota kuma akwai 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. A wayoyin Android na zamani, danna maɓallin kunnawa sau biyar da sauri yana kiran lambar gaggawa, kuma za ka iya saita shi ya aika wa iyalinka inda kake, a cikin "Emergency SOS". Idan kira ya ƙi shiga saboda cunkoso, ka tura tes, ya fi samun hanya. Batun caji kuwa, ka kashe data, ka rage hasken fuskar wayar, ka kunna "Battery saver", kuma ka rubuta lambobi uku mafi muhimmanci a takarda ka ajiye tare da lasisinka.