Ruwan da ke Cin Sabulu: Amsoshin Tambayoyinku

Daga wata uwar gida a Sakkwato: Mun tare a sabon gida mai rijiyar burtsatse. Sabulun da ke kai mu mako biyu a tsohon gida, a nan ko kwana biyar ba ya yi. Fararen kaya sun dushe, tawul ya yi tauri kamar buhu. Maƙwabciyata ta ce in riƙa ninka omo. In bi shawararta?

Hajiya, in kika ninka omo, mai shago kawai za ki faranta wa rai. Laifin na ruwan ne. Ruwan da ya ratsa dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi, yakan ɗebo sinadarai biyu, kalsiyam da magniziyam. Da sabulu ya shiga, su ne ke fara cafke shi su mayar da shi wannan farin dauɗa mai kama da kindirmon da ya tsinke, wanda kike gani a bakin baho. Sai sun ƙoshi sannan ragowar sabulun ke kama aikin wanki. Dauɗan kuma ba duka yake bin ruwan ɗauraya ba, yana maƙalewa a cikin zaren tufa, shi ya sa farin ya dushe, tawul ya sandare.

Ki fara gwadawa. Ki samu gorunan roba biyu masu haske, ɗaya ki zuba ruwan rijiyar zuwa rabi, ɗaya ruwan sama. Ki kankare sabulun sanda daidai wa daida a cikin kowace, ki rufe ki girgiza. Wadda ta tashi kumfa ruwanta lafiya lau yake. Wadda ta yi fari kamar tsarin nono babu kumfa, ita ce mai cin sabulu. In butar dafa shayinku tana yin farin ɓawo a ciki, wata shaidar ke nan.

Maganin da ya fi araha shi ne sodar wanki, wadda masu sayar da kayan haɗa sabulu ke kira soda ash. Tana kama kalsiyam ta mayar da shi garin alli. Masana suna ɗaukar ruwa a matsayin mai tsananin cin sabulu idan awon sinadaran nan biyu a cikinsa ya haura miligiram 180 a lita. A ce naki ya kai 300: bokitin lita 20 giram 6 zuwa 7 na soda kawai yake bukata. Saboda haka cokalin cin abinci ɗaya, a shafe ba mai tudu ba, ya isa har da rara. Ki narkar da ita a kofin ruwan ɗumi, ki juye a bokiti, ki motsa, ki bari minti 10 zuwa 15. Ruwan zai yi fari-fari, kada hakan ya dame ki, alamar aiki ke nan. In kina da haƙuri ki bari allin ya kwanta ki tsiyaye na sama, farin kaya ya fi son haka. Bayan nan ne za ki sa sabulu.

A nan mutane da yawa ke yin kuskure: su zuba sabulu, su ga babu kumfa, sannan su watsa soda. Sabulun da ya riga ya zama dauɗa ba ya dawowa. Soda ce gaba, sabulu a baya.

Kada ki sa ta a kayan ulu ko siliki. Kada ki jiƙa ta a tukunyar dalma ko bahon alminiyam, tana cin su. In hannunki mai saurin tsagewa ne, ki sa safar roba. Kuma wanda ake sawa a kek, wato bekin soda, ba ita ba ce. 'Yan gida ɗaya ne amma ƙarfinsu ba ɗaya ba.

Daga wani magidanci a Nguru: Kakata da kanwa take wanki. Tana aiki ko al'ada ce kawai?

Tana aiki, Malam. Kakarka ta riga masana'antu sanin abin. A cikin kanwa akwai ainihin sinadarin da ke cikin sodar wanki, gauraye da ɗan'uwansa mai rauni, da gishiri, da yashi. Matsalarta ba ta da ma'auni: wadda ka saya yau ba lallai ƙarfinta ya zo ɗaya da ta mako mai zuwa ba. Ka jiƙa farar kanwa ta kwana, ka tace da ƙyalle, ka riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan kana gwajin gora har ka gano awon da ke tayar da kumfa. Jar kanwa ka bar wa tuwo, tana iya bar maka tabo a farar riga.

Daga wani ɗalibi: An ce alam ko gishirin girki yana gyara irin wannan ruwa. Kuma na ga ana tallan wata na'ura kamar biro da ake tsomawa a ruwa ta nuna lamba. In saya?

A'a, a'a, kuma a'a. Alam laka yake kwantarwa; ruwa zai yi garau amma kalsiyam ɗinsa na nan daram. Gishiri kuwa rage kumfar sabulu yake ƙara yi. Biron nan jimillar duk abin da ya narke a ruwa yake aunawa, ba ya bambance kalsiyam da gishiri, har ma in ka sa sodar wanki lambar ba za ta sauka ba alhali ruwan ya gyaru. Gora biyu da guntun sabulu sun fi shi gaya maka gaskiya, kuma ba a saya musu batir.

Daga wata mai haɗa sabulun ruwa a Kano: Na sayi STPP, farin garin fosfet da ake sawa don ya riƙe kalsiyam, kamar yadda aka koya mana, amma kwastomomina masu ruwan burtsatse suna cewa sabuluna ba ya wanki, wani lokaci ma ya rabu gida biyu a jarka. Ina kuskuren?

'Yar'uwa, akwai wurare uku da za ki duba, amma na ukun shi ne babba.

Da wane ruwa kike haɗawa? In da ruwan burtsatsen kike yi, to STPP ɗin ya gama ƙarewa a cikin jarkarki tun bai je gidan kwastoma ba. Ki yi da ruwan sama da aka tace. Sai tsarin zubi. STPP ba ya jure tsami, yana lalacewa a cikinsa. Ki fara kashe tsamin salfonik asid, wato sinadarin da ke yin ainihin wankin, ta hanyar sa masa kostik soda, kimanin giram 130 ga kowane kilo ɗaya na salfonik, ki auna da takardar pH mai gwada tsami ki ga ta tsaya tsakanin 7 da 9, sannan STPP ya shiga. Giram 100 zuwa 200 a lita 20 ya wadatar. Ki narkar da shi daban a ruwan ɗumi, kina barbaɗawa kina juyawa, domin in kika juye shi tashi ɗaya dunƙulewa zai yi kamar dutse. Rabuwa gida biyu kuwa yawanci gishiri-gishiri ne ya yi yawa: soda ash, STPP, ga kuma gishirin da ake ƙarawa don kauri, duk a tukunya ɗaya.

Yanzu na ukun. Wa ya tabbatar miki cewa abin da ke cikin ledar nan STPP ne? Ki shiga duk inda ake sayar da kayan haɗa sabulu ki duba. Farin gari kashi biyar ko shida, kowanne a ƙulle a farar leda, babu suna, babu kwanan wata, babu sunan kamfani. Yaron shago ya miƙa hannu ya ɗauko, ke kuma ki biya ki kama hanya. Soda ash fara ce, STPP fari ne, gishiri fari ne, salfet ɗin da ake cika omo da shi don ya yi nauyi shi ma fari ne. Da yake STPP ya fi su tsada nesa ba kusa ba, wanda ba ya tsoron Allah ya san wanda zai gauraya da wanne. Wani ma ba ha'inci ba ne, ledoji ne suka cakuɗe masa, shi kansa bai san abin da ya ba ki ba. Mutumin da zai tsaya ya ɗanɗani gero kafin ya auna mudu, shi ne zai sayi sinadari ido rufe don an rage masa ɗan canji. Araha ba ta ado.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Ki ɗiga ruwan lemun tsami a kan ɗan garin: soda ash za ta yi tsuwa ta tashi kumfa, STPP na gaske shiru zai yi. Sannan ki zuba ɗan tsunkule a rabin gorar ruwan burtsatse ki girgiza. Da soda ash ruwan zai yi fari, domin alli take fitarwa. Da STPP ruwan zai zauna garau, domin riƙe kalsiyam yake yi a narke ba ya barin sa ya taɓa sabulu, kuma in kika sa sabulu kumfa za ta tashi. In ruwan ya zauna garau amma kumfa ta ƙi zuwa, gishiri ko salfet kika biya kuɗin STPP. Ki nemi a nuna miki buhun asali da rubutunsa. In kina saye da yawa, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku ɗauki buhu a rufe ku raba.

Tun da an zo nan, dole a yi maganar kostik soda. Ita ba abar gyara ruwan wanki a gida ba ce, kuma duk wanda ya ce ki watsa ta a bahon wanki don kaya su fita ya cuce ki: tana cin zare, tana cin fata. In za ki narkar da ita, ita ake zubawa a ruwa sannu a hankali, ba a zuba mata ruwa, domin zafi take ɗauka har ta fantsama. A robar da ke da kauri, ba a alminiyam ba. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne yadda ake jiƙa ta a bar ta ta kwana a tsakar gida, ko a zuba a gorar ruwan sha. Idonta da na ruwa ɗaya ne, ba ta da wari. Yaro ya dawo daga wasa da ƙishi, kurɓa ɗaya ta isa ta ƙona masa maƙogwaro, daga baya hanyar abinci ta tsuke, a shiga jelen asibiti na shekaru. In hakan ta faru, Allah ya kiyaye, kada a sa shi amai, domin za ta sake ƙona inda ta bi. Kada a ɗura masa manja ko lemun tsami. A kurkure bakin da ruwa a garzaya asibiti da ragowar abin da ya sha. In ido ta shiga, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15 kafin a tafi. Ki rubuta suna a jikin kowace roba, ki kulle a inda yaro ba ya kaiwa. Fomalin da wasu ke sawa don kada sabulu ya lalace shi ma ki rabu da shi. An tabbatar yana cikin sinadaran da ke jawo ciwon daji, kuma akwai wasu masu adana sabulu da suka fi shi sauƙi.

Ki kuma sani STPP ɗin kansa taki ne. Fosfet ɗin da ke cikinsa in ya gangara kududdufi ko tafki yana haifar da gansakuka mai shaƙe kifi, abin da ya sa Tarayyar Turai ta taƙaita shi a omon gida tun 2013, kamfanoni suka koma ga wasu masu riƙe kalsiyam, irin su ziyolait da sitiret. Dalili ke nan na tsayawa a kan awo.

Daga wata mai jego: Jaririna wata biyu, fatarsa tana bushewa tana fari-fari bayan wanka. Ruwanmu irin mai cin sabulu ne. In sa masa soda kaɗan a ruwan wanka? Hankalina ya tashi.

Barka da arziki, Allah ya raya. Kwantar da hankalinki, ƙanwata, kin yi daidai da kika tambaya kafin ki gwada. Kada ki sa soda, kada ki sa kanwa. Fatar jariri ba ta ɗaukar su. Ki tafasa ruwan wankan ki bar shi ya huce, ki tsiyaye ki bar farin da ya kwanta a ƙasa. Tafasa tana cire wani ɓangare na kalsiyam, ko da ba duka ba. In damina ce, ruwan sama mai tsabta ya fi. Ki rage sabulun sanda, ki nemi na ruwa na jarirai mai lambar NAFDAC, irinsu ba sa yin dauɗa da kalsiyam. Wanka gajere, ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, ki shafa masa man kaɗanya ko basilin tun jikin na da laima. Kayansa in kin wanke da soda ki ɗauraye sau biyu. In kika ga ja, ko ƙuraje masu ruwa, ko yana kukan ƙaiƙayi, ki kai shi asibiti a duba.

Daga mai wanki da guga a Gwambe: Fararen kaftani suna fitowa da ɗigon rawaya. Na ƙara bilic, abin ya ƙaru. Kuma zan iya sa soda a shadda?

Wannan ƙarfe ne a cikin ruwan, ba dauɗa ba, kuma bilic tsatsa yake mayar da shi nan take a jikin rigar. Ka daina. Ka tara ruwan a buɗaɗɗen duro ya kwana ɗaya ko biyu, iska za ta sa ƙarfen ya kwanta ja a ƙasa, ka ɗebi na sama. Tabon da ya riga ya kama, ka shafa masa ruwan lemun tsami ko sitirik asid cokalin shayi ɗaya a kofin ruwa, ka bari minti 15, ka ɗauraye. Kada tsami ya haɗu da bilic a baho ɗaya ko kusa, iskar da suke fitarwa guba ce.

Shadda kuwa, da rinannun kaya, da hular zanna, ka nisanta su da soda. Tana dusar da launi, tana kashe ƙyallin da mai kayan ya biya kuɗi dominsa. Ruwan sanyi, sabulun ruwa kaɗan, babu dogon jiƙo, a shanya a inuwa. In ruwanka ya cika cin sabulu, ka ware jarka biyu na ruwan famfo ko na sama don irin waɗannan kaya kaɗai, ka sa kuɗin a cikin ladan wanki.