Hana ChatGPT a jami'a ba zai wadatar ba

Malam, ka tambaya me zai hana jami'o'i su haramta ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai yi wa mutum rubutu, baki ɗaya kowa ya huta. Ai an gwada. ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, zuwa Janairun 2023 jami'ar Sciences Po ta Faransa ta hana ɗalibanta amfani da shi ba tare da sun bayyana ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kama mai laifi. Kamfanin OpenAI, wanda ya ƙirƙiri ChatGPT, da kansa ya rufe manhajarsa ta gano rubutun na'ura a Yulin 2023, saboda ba ta cika yin daidai ba. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ma ta daina amfani da irin wannan manhaja ta kamfanin Turnitin a shekarar. Ka ga kuwa kwamitin ladabtarwa ba zai kori ɗalibi kan hasashen manhaja ba, musamman wanda Turanci ba harshensa na gado ba ne, don rubutun irinsu aka fi zargi bisa kuskure.

Shi ya sa akalar ta juya. Jami'o'i 24 na ƙungiyar manyan jami'o'in bincike ta Russell Group a Birtaniya sun amince da ƙa'idojin koya wa ɗalibai da malamai amfani da ƙirƙirarriyar basira bisa gaskiya. Jami'ar Sydney ta raba gwaji gida biyu: wanda ake yi a gaban malami, da wanda aka yarda a nemi taimakon na'ura.

A ganina, majalisar jami'a ce ya kamata ta yanke wannan, ba a bar kowane malami da dokarsa ba, ɗalibi ya rasa wacce zai bi.