Tambaya da Amsa: Yaya Zurfin Tankin Masai Ya Kamata Ya Kasance?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina gina gida, yanzu mun kai ga aikin bayan gida. Maginina ya ce a nutsar da tankin masai da bututun da ke fitar da ruwansa can ƙasa sosai, domin a cewarsa zurfi ne ke hana wari da saurin cika. Akwai rijiya a gidan, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Shin akwai zurfin da aka ƙayyade? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Gara da ka tambaya tun ba a zuba kankare ba, domin gyaran abin da aka riga aka binne ya fi aikinsa na farko tsada. Abubuwa biyu ne a nan, kowanne da aikinsa: tankin da najasa ke taruwa ta kwanta, da filin da ruwan tankin ke bi ta bututu masu huda ya tsiyaya cikin ƙasa.

Tankin ba shi da zurfi guda da aka yanke wa kowa. Saman murfinsa kan kasance tsakanin santimita 10 zuwa mita 1.2 a ƙarƙashin ƙasa, kuma bututun da ya fito daga gida ne ke nuna inda za a tsaya. Wannan bututu yana buƙatar gangara ta kusan santimita 2 a kowace mita, saboda haka idan tankin yana nesa da gini da mita 10, mashigarsa za ta sauka da santimita 20 daga inda bututun ya baro gida. Duk abin da aka ƙara bayan wannan nauyi ne kawai a kan murfi, ga kuma wahalar tono duk lokacin da za a yashe tankin, abin da akan yi bayan shekara 3 zuwa 5. Idan dole ta sa ya yi ƙasa, sai a gina masa wuya har saman ƙasa, a rufe da murfi mai ƙarfi wanda yaro ba zai iya ɗagawa ba. Maganin wari shi ne murfin da ya rufu ruf da kuma bututun fitar da iska, saurin cika kuwa ya danganta ne da girman tankin da yawan mutanen gida.

Inda maganar maginin ta fi ba ni tsoro shi ne filin tsiyayar ruwa. Ramukansa yawanci ba sa wuce santimita 45 zuwa 90. Ana shimfiɗa tsakuwa aƙalla santimita 15 a ƙasa, a ɗora bututu mai faɗin inci 4, a lulluɓe shi da tsakuwa, sannan a mayar da ƙasa. Ba ganda ce ta sa ake barin su kusa da sama ba. Ruwan da ya baro tanki har yanzu cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma ƙasa ce ke ƙarasa tace shi, ta hanyar ƙananan halittun da ke rayuwa a inda iska ke shiga. Can ƙasa iska ta yi ƙaranci, aikin tacewa ya raunana, ruwan kuma ya matso kusa da ruwan da rijiyarka ke ja.

Saboda haka ma'aunin da ya fi muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin gindin ramin da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Dokokin wurare da yawa suna neman busasshiyar ƙasa ta santimita 60 zuwa mita 1.2, idan kuwa ramin sokawe ne mai zurfi, akan ba da shawarar mita 1.5, tare da nisan mita 30 daga kowace rijiya.

Kada ka auna wannan da rani, domin ruwan ƙasa yana hawa da damina. Ka sa a haƙa ramin gwaji a tsakiyar damina, ka duba bangonsa da kyau. Idan ka ga ƙasar ta yi toka-toka da ɗigo-ɗigon ja kamar tsatsa, alama ce ruwa yakan hau har wurin ya daɗe, ko da ranar ka tarar da shi a bushe. Ka kuma cika wani ƙaramin rami da ruwa ka ga yadda yake sauka: yumɓu yakan riƙe ruwa har ya kwana, tsantsar yashi kuwa yakan sake shi da sauri tun bai tatu ba. Inda ruwa ke kusa ko dutse ya tare, ana tara yashi a yi tudu, a shimfiɗa bututun a cikinsa.

Ka nuna wa maginin waɗannan ma'aunai, ka tambayi hukumar da ke kula da gine-gine a yankinku abin da dokarta ta tanada, kuma ka zana taswirar wurin kafin a rufe, domin kada a dasa bishiya ko a ajiye mota a kansa. Ina kuma roƙonka, kada ka bari kowa ya shiga cikin tankin ko da an yashe shi, domin iskar da ke ciki tana iya kashe mutum cikin mintuna kaɗan.